Shekara bakwai ina biyan bashin gida, me ya sa bai ragu ba?

Wata ma'aikaciyar gwamnati ta rubuto mini daga unguwar Barnawa a Kaduna. Ta ce ta karɓi lamunin naira miliyan 10 na Asusun Gidaje na Ƙasa ta hannun wani bankin jingina, a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, za ta biya cikin shekara 25. Yau shekara 7 ana cirar mata kuɗi duk wata, abin da aka cira ya haura miliyan 5 da dubu 400, amma da ta karɓo takardar lissafi sai ta ga saura kusan miliyan 8 da rabi. Tana tambaya ko cutarta ake yi, kuma ko za ta iya rabuwa da bashin kafin wa'adi.

Hajiya, na san yadda gaban mutum ke faɗuwa idan ya ga irin wannan takarda. Na zauna na buga lissafin da kaina, kuma ban ga ha'inci a alƙaluman da kika turo ba. Abin da ake cirar miki a wata ya kai kimanin naira 64,430. A watan farko, 50,000 daga ciki kuɗin ruwa ne, 14,430 kacal suka taɓa uwar kuɗi. Ana lissafa ruwa ne a kan abin da ya rage, shi ya sa shekarun farko ruwa ke lashe mafi yawan biyan, sai can gaba uwar kuɗin ta fara zubewa da sauri. Idan kika bi wa'adin har ƙarshe, jimillar abin da za ki biya ya ɗan haura miliyan 19.

Sai batun gamawa da wuri. A doka gidan naki ne, jingina kawai kika bayar, kuma kotu ba ta amincewa da duk wani sharaɗin da zai toshe wa mai gida hanyar fansar gidansa. Amma yadda za a biya kafin wa'adi yana cikin yarjejeniyar da kika sa wa hannu. Ɗauko ta ki karanta, ko ki kai wa lauya. Wasu bankunan kan nemi a sanar da su tun da wuri, wasu kan ɗora tara. Idan hanya a buɗe take, ƙarin naira 20,000 a wata daga yanzu zai mayar da sauran shekara 18 ɗin su koma ƙasa da 12, kuma kusan miliyan 2 na ruwa su tsaya a aljihunki. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki tura ƙarin nan haka kawai. Rubuta wa bankin wasiƙa cewa a zuba shi a kan uwar kuɗi, a buga miki hatimin karɓa a kwafinki, sannan ki nemi sabon jadawalin biya. Idan ba a rubuce yake ba, ana iya ajiye kuɗin a matsayin biyan watan gaba, ruwa kuwa yana nan yana gudu.

Ki kuma duba ranar ritayarki, shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki, ki gwada ta da ranar ƙarewar bashin. Idan albashi zai tsaya kafin bashi ya ƙare, tun yanzu za a yi shiri, domin idan biya ya tsaya banki na iya bin matakan doka ya sayar da gidan. A tambaya ko akwai inshorar rai a kan lamunin, iyali kuma su san inda takardun suke.

Ga wurin da mutane suka fi sakaci, kuma shi ya fi damuna. Ranar da kika biya kobon ƙarshe, gidan bai fita daga jingina ba tukuna. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, sashe na 22, ta wajabta neman yardar gwamna kafin a jinginar da fili mai takardar shaidar mallaka, don haka jinginarki tana rubuce a rajistar filaye, wadda a Kaduna take hannun hukumar kula da filaye ta jihar, wato KADGIS. Dole bankin ya ba ki takardar sakin jingina, ya dawo miki da ainihin takardar mallakarki, ba kwafi ba, ke kuma ki kai a yi rajistar sakin. In ba haka ba, bayan shekaru ki tashi sayarwa, ko magada su zo rabon gado, bincike ya nuna har yanzu gidan na hannun banki, wataƙila ma bankin ya sauya suna ko ya narke cikin wani.

Idan kuma batun ruwan ne ke ci miki tuwo a ƙwarya ta fuskar addini, kamar yadda na fahimta daga ƙarshen wasiƙarki, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 kuma yana da reshe a nan Kaduna. Sai dai kafin ki sauya sheƙa, a rubuta miki jimillar abin da za ki biya su, a haɗa da kuɗin sabuwar rajista da neman yardar gwamna, ki jera shi da miliyan 8 da rabin da ke kanki yanzu ki gwada.