Amsar tambayar Kawu game da zamanmu a San Jiminyano

Kawu, saƙonku ya iso, inda kuke tambayar yadda Bahaushe Musulmi zai daɗe a garin da ya yi suna da giyar inabi, ya kuma ce yana nan da Hausarsa da addininsa. Ban ji haushi ba, sai dai da alama a gida ana zaton da giya muke alwala.

San Jiminyano yana kan tudu ne a lardin Siyena na ƙasar Italiya, kuma hanyar masu ziyarar ibada zuwa Rum ce ta fara raya shi, har manyan gidaje suka shiga gasar gina hasumiya, kowa yana so ya fi maƙwabcinsa, aka ce sun kai 72. Annobar 1348 ta karya garin, a 1353 ya miƙa wuya ga birnin Filorans, talaucin da ya biyo baya kuwa shi ya hana a rushe tsofaffin gine-gine a yi sababbi. Yau saura hasumiya 14, mafi tsawo ita ce Torre Grossa mai mita 54. A 1990 hukumar UNESCO ta sanya garin cikin kayan tarihin duniya, shi ya sa da rani baƙi ke cika dandalin tsohuwar rijiya har mutum ya rasa masaka tsinke.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai 'yan'uwanmu da ke tsinkar inabin Vernaccia, wanda ake yin giyar da shi, a watan Satumba, kuma mu ma muna jayayya a kan halaccinsa. Ni na zaɓi gonar za'afaran, inda ake tsinkar fure da sassafe a ƙarshen Oktoba, sanyi yana cin yatsu. Juma'a muna sauka garin Colle di Val d'Elsa, mu yi salla a masallacin da aka buɗe a 2013.

Batun auren ƙanena da 'yar garin nan kuwa, na san shi ne ainihin abin da ke damunku. Matar nan ta koyi tuƙa tuwo da garin masarar da suke kira polenta, ta kuma iya gaida manya. Ɗiyata ma, a kafaɗata ta koyi ƙirga da Hausa, tana nuna hasumiyoyin ɗaya bayan ɗaya, amma da na kawo ta gida bara, 'ya'yanku suka yi ta kiranta Baturiya har ta yi kuka.