Me ya sa jami'o'i suka fi son mai digirin digirgir?

Ɗan'uwa, ka ce kana da MBA (digiri na biyu a harkar kasuwanci) da shekara 12 a banki a Bauchi, ka nemi koyarwa a sashen kasuwanci na jami'a, aka ɗauki wanda bai taɓa riƙe ko shago ba saboda yana da digirin digirgir. Na ji zafin abin, amma ba lallai raini ba ne.

Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ce ke tantance kwasa-kwasan jami'o'i. Idan tawagarta ta zo, fayil ɗin kowane malami ake zubewa a tebur, a duba takardunsa, a ƙirga kawuna. A fannin gudanarwa ana son malami 1 ga ɗalibai 30, kuma a jerin malaman kashi 20 su zama farfesoshi da mataimakansu, 35 manyan malamai, 45 na ƙasa. Wannan hawa sai da digirin digirgir da wallafa bincike. Kwas ɗin da ya ci cikakkiyar shaida yana da shekara 5. Na wucin gadi shekara 2. Wanda aka hana kuwa an rufe masa ɗaukar sababbin ɗalibai. Shugaban sashe da wannan yake kwana yake tashi. Na ga wani da idona yana ta bugun waya, yana roƙon farfesan aro mako guda kafin zuwan tawagar.

Ni dai ina ganin asara ce ɗalibi ya koyi harkar bashi daga wanda bai taɓa zama da mai neman rance ba. Ka nemi koyarwar wucin gadi tukuna, ka yi rajistar digirin digirgir a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi ko jami'ar jihar Gombe. Idan akawu ne kai, ka haɗa da takardar ƙungiyar ƙwararrun akantoci, ICAN ko ANAN.