Hukuncin wanda ya daina cin nama, nono da ƙwai

Tambaya: Malam, ɗana ya dawo daga karatu a Faransa ba ya cin nama, ba nono, ba ƙwai, ko zuma ba ya taɓawa. Wai yanka dabba zalunci ne. Yana da laifi? Daga wata uwa, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, a raba abu biyu: barin ci daban, haramtawa daban.

Wanda ya bar nama don ransa ba ya so, ko don lafiya, babu laifi a kansa. An kawo wa Annabi (SAW) naman damo bai ci ba, Khalid ɗan Walid ya ci a gabansa, bai hana shi ba. A Muwaɗɗa ma Sayyidina Umar ya ja kunne kan yawan cin nama, ya ce yana da jaraba irin ta giya. In wake, ƙuli-ƙuli da zogale sun ishi ɗanki, a ƙyale shi, sai dai ya ga likita kan bitamin B12, wanda ba a samu a tsirrai.

Inda aka sami matsala shi ne kiran yanka zalunci. Allah Ya ce kada ku haramta kyawawan abubuwan da Ya halatta muku (Ma'ida, 87). A ruwayar Muslim, cikin sahabban da suka so tsananta wa kansu akwai wanda ya ce ba zai ci nama ba, Annabi ya ce wanda ya ƙi sunnata ba ya tare da ni. Wanda Ya halicci akuya Shi Ya yi izinin yanka ta, kuma babu wanda ya fi Shi tausayinta. Ɗanki shubuha ce ta shige shi, a zaunar da shi da hujja, kada kowa ya yi gaggawar kafirta shi.

Amma fa yana da gaskiya a wani wuri, mu daina musu. Kajin da ake ratayewa kai ƙasa a babur, awakin da ake cusawa a mota hanyar Ɗan Isa cikin rana ba ruwa, wasa wuƙa a gaban rago: shari'a ba ta yarda da wannan ba. Hadisin Shaddad ɗan Aus ya umarci a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Ɗanki ya sa ƙarfinsa nan, zai sami lada.

Layya kuwa sunna ce mai ƙarfi a mazhabar Malik ga mai hali. Ya wakilta wani ya yanka masa. Ci daga ciki mustahabbi ne, in ya rabar duka layyarsa ta yi.

Wallahu a'alam.