Hukuncin sauya launin tarwaɗa kafin a kai ta kasuwa

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina kiwon tarwaɗa a Dadin Kowa. Kifina a farin tanki yake, sai fatarsa ta koɗe, masu sari daga Gombe kuma sun fi son mai duhu don suna ganin shi ne na dam. Idan na mayar da shi cikin baƙin tamfol na 'yan kwanaki yakan yi baƙi. Wani ya ce mini wannan canza halittar Allah ne. Haka ne?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'arka albarka.

Wanda ya gaya maka canza halitta ne bai dace da daidai ba. A fatar kifi akwai ƙwayoyi masu ɗauke da baƙin launi. Idan launin ya bazu a cikinsu sai kifin ya yi duhu, idan ya dunƙule wuri guda sai ya yi haske. Ido ne ke ganin ƙasan wurin da kifin yake, ya kai saƙo ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta yi aiki ta jijiyoyi da sinadarai biyu. Na farko, wanda ake kira MSH, yana fitowa daga fituwitari, ɗan farin ƙullin nan da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda ku masu ƙyanƙyasa kuke fasa kan kifi ku ciro, ku niƙa ku yi wa ta-mace allura. Wannan sinadari shi ke baza launin. Na biyun kuwa, MCH, a ƙwaƙwalwa ake sarrafa shi, ya sauko ta wannan ƙulli, ya tattara launin. Wani masani ɗan Japan, Kawauchi, da abokan aikinsa ne suka tace shi daga kifin salmon a 1983. Ka ga kenan kifin da kansa yake yin abin da aka halicce shi a kai, domin ya saje da wurinsa ya ɓuya. Wannan yana cikin ayoyin da Allah ya ja hankalinmu gare su a Suratu Faɗir, aya ta 28, inda ya ambaci saɓanin launukan mutane da dabbobi. Naman halal ne, fari ko baƙi.

Inda nake ji maka tsoro shi ne wajen ciniki. Da bakinka ka faɗa cewa masu saye suna ɗaukar mai duhu a matsayin na dam. Idan don su yi wannan zaton kake sauya tankin, ka karɓi kuɗin kifin masunta alhali na kiwo ne, to algus ne, ko da ba ka furta ƙarya ba. Annabi (SAW) ya hana a bar raƙuma ko tunkiya ba tatsa har hantsarta ta cika don mai saye ya zaci mai nono ce, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Nonon nata ne, ba a zuba mata komai ba, amma aka hana, aka kuma ba mai saye zaɓin mayarwa. Daga nan malamanmu Malikawa suka ce ruɗi da aiki daidai yake da sharaɗin da aka faɗa da baki. Wannan ƙa'ida, a ganina, ta hau kan mas'alarka sosai.

Amma idan ka gaya wa mai sari cewa kifin kiwo ne, ya saya don launin ya burge shi, ko kuwa a kasuwarku kowa ya san na kiwo ne kuma farashin ɗaya ne, babu laifi ko kaɗan. Idan ka san shi mai sarin zai je ya sayar wa mutane da sunan na dam, kada ka baƙanta masa, domin taimako ne a kan zunubi. Cinikin da ya riga ya wuce da ruɗi, ka nemi mutanen ka mayar musu da bambancin kuɗin ko su yafe. Waɗanda ka kasa samu, ka yi sadaka da shi a madadinsu.

Wallahu a'alam.