Mai gida ya ce mu share, mu kwashe, mu yi fenti: wanne ne ya hau kanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗaliba ce, ina haya a Tudun Wada, Kaduna. Mu takwas ne a gidan, kowa da ɗakinta, banɗaki biyu na haɗaka. Na biya kuɗin shekara, da na ejan, da kuɗin ajiya naira 20,000. Mai gidan yana riƙe da mukullan ɗakunanmu. Rannan ina lacca ya buɗe nawa, wai ya tarar da kwanuka ba a wanke ba. Yanzu ya sa tarar naira 2,000 a kan duk wadda ta tsallake sharar tsakar gida, ya ce mu yi karo-karo a kwashe sokawe, wadda kuma ta tashi ba ta sake fenti ba ta manta da kuɗin ajiyarta. Mai gardama, zai watso mata kaya waje. Haka doka ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da abin da ya hau kanku, don kada a ce lauya ya ɗaure wa ƙazanta gindi. Dattin da kuka yi da hannunku naku ne: sharar tsakar gida, wanke banɗaki, zubar da bola, da tuwon jiya da ake turawa lambatu har ya toshe. Ko ba a rubuta ba, ana sa ran mai haya ya riƙe wuri yadda mai hankali zai riƙe nasa. Idan duba-gari suka zo suka tarar da ruwa kwance a ƙofar gida, ba za su tsaya tambayar wa ke da takardar fili ba. Ku takwas ku tsara kwanakin shara, ku manna a bango. Wannan kaɗai zai rage masa abin faɗa.

Shiga ɗakinki kuwa, nan ya yi kuskure babba. Daga ranar da ya karɓi kuɗi ya miƙa mukulli, gini nasa ne amma zama naki ne, har wa'adin ya cika. Yana iya neman ya duba ɗaki, musamman in yarjejeniya ta ba shi dama, amma sai ya sanar da ke, a lokacin da ya dace, kina nan. Buɗe ɗakin mace ba ta nan don ƙirga kwanuka kutse ne, kuma ana iya neman diyya a kansa. Tun 1986, a shari'ar Eliochin da Mbadiwe, Kotun Ƙoli ta ɗora wa mai gida laifin kutse saboda ya shiga wurin da ya bayar haya da ƙarfin kansa.

Tara ba ta da dogon bayani. In babu ita a takardar da kika sa wa hannu, ba ya iya ƙirƙiro ta a tsakiyar shekara.

Sokawe ne ke da sarƙaƙiya. A fara duba yarjejeniya. In ta ce masu haya ne za su kwashe, to kun ɗauka. Ba yau aka fara wannan rigima ba, domin malaman fiƙihun Malikiyya sun tattauna sharɗanta kwashe masai a kan mai haya, sun kuma halatta sharaɗin. In takarda ta yi shiru, sai a raba abu biyu. Ramin da ya rufta, ko murfin da ya tsage, ko bututun da ya fashe don tsufa, gyaran gini ne a wurin da kowa ke amfani da shi, kuma yana wuyan mai gida. Cikar rami kuwa amfani ne, shi ya sa a gidaje da yawa ake karo-karo. Sai dai a gidan ɗalibai, inda ake sauya mutane duk shekara, ban ga adalcin a ce wadda ta shigo wata uku da suka wuce ta biya kuɗin abin da ya taru shekara biyar ba. Ku tambaye shi yaushe aka yi kwasar ƙarshe, ku nemi a raba kuɗin da shi.

Fenti ma haka. Bangon da ya dusashe, ko ya kumbura don danshin damina, tsufa ne na yau da kullum, ba a cajin mai haya a kansa sai in ya amince a rubuce zai sake fenti. Amma baƙin hayaƙin risho a kusurwa, da ramukan ƙusa goma sha, da tayil ɗin da turmi ya fasa, waɗannan ɓarna ce. Ita ce za a cire daga kuɗin ajiya, gwargwadon abin da gyaran ya ci, a maido miki da ragowa. Kuɗin ajiya amana ne a hannunsa, ba ƙarin kuɗin haya ba. Ki ɗauki hoton ɗakin da wayarki yau, ki sake ɗauka ranar tashi, ki adana rasit.

Barazanar watso kaya ba ta da gurbi a doka. Mai hayar shekara-shekara, in ba a rubuta wani wa'adi ba, ana ba shi sanarwar wata 6; mai biyan wata-wata, wata 1. Bayan nan sai sanarwar kwana 7, sannan a tafi kotu, kuma ma'aikatan kotu ne ke fitar da mutum. In hayar ta shekara ɗaya ce tak mai ranar ƙarewa, ta kwana 7 ce kawai za ta biyo bayan cikarta. Cire ƙofa, yanke wuta ko sauya kwaɗo duk ɗaukar doka a hannu ne. In ya ce zai kira 'yan sanda, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don saɓanin yarjejeniya kawai.

Ku rubuta masa takarda ɗaya cikin ladabi, ku takwas ku sa hannu, ku riƙe kwafi: za ku kiyaye shara, shi kuma ya daina buɗe ɗakuna ya janye tarar. Ku kai ta tare da ejan ɗin da ya ci kuɗinku, ko wani dattijo. In bai ji ba, sai mai unguwa, daga nan ofishin kula da harkokin ɗalibai na makarantarku ko cibiyar sasanci ta babbar kotun jiha. Kafin nan, ki sa kwaɗonki a ƙofar.