Amsa ga ƙanena mai son zuwa Amurka damben boksin

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce in nema maka mai shirya wasa a nan Amurka, kai dai a ba ka turmi huɗu ka nuna musu. Samari da yawa sun riga ka turo min irin wannan roƙo, saboda haka zan gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi maka daɗi ba.

A nan sai an gama da takardunka da lafiyar jikinka kafin wani ya kalli naushinka. Tun 1996 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa duk ɗan damben kuɗi ya yi rajista da hukumar dambe ta jiha, a ba shi katin shaida mai hoto da lamba, ya riƙa sabunta shi, a yanzu duk shekara 4. Katin daban, lasisi daban, kuma kowace jiha da nata: lasisin Nevada ba zai shigar da kai fage a New York ba. Bizar 'yan wasa, P-1, ta waɗanda suka riga suka yi suna ce a duniya. Wanda ya ce ka shigo da bizar ɗalibi ka riƙa dambe ana biyanka, so yake a mayar da kai gida.

Inda na fi son ka buɗe kunne shi ne gwajin asibiti. Za a ɗebi jininka a duba ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Za a ɗiga maka magani a ido a leƙa can cikinsa. Wasu jihohin, irin su New York, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Akwai wani yaro ɗan ƙasarmu da na taɓa horarwa, hannunsa na hagu kamar guduma, iyayensa sun ci bashi kafin ya iso. Sakamakon jini ya fito da ciwon hanta B, shi kuwa bai taɓa sanin yana ɗauke da shi ba. A cikin motata ya buɗe takardar, ya karanta, ya ninke ta, ya sake buɗewa, yana tambayata ko akwai wanda za a gani a gyara. Babu. Har yau abin yana cin raina, don gwajin da zai iya yi tun yana gida ne ya rufe masa ƙofa bayan kuɗi sun ƙare. Kai ka je ka yi naka yanzu, kafin ka sayar da ko tsinke.

Ranar wasa doka ta ce sai da likita a bakin fage, da motar asibiti ko ma'aikata masu kayan farfaɗo da mutum, da inshorar raunin da za a ji. Idan alƙali ya tsayar da wasa a kanka, yawanci hutun dole na kwana 30 ne. In kuwa sumar da kai aka yi, 60, kuma sauran jihohi za su ga sunanka a jerin waɗanda aka dakatar. Da na fara tsaya wa 'yan dambe a kusurwa, da lasisin da na samu da gumina, na ga samari suna fushi da wannan hutun. Ni na san dalilinsa. A Nuwamba 2013 ɗan damben Rasha Magomed Abdusalamov ya kammala turmi 10 a zauren wasa na Madison Square Garden da ke New York, likitoci suka sallame shi, a tasi ya tafi asibiti jini na zuba a ƙwaƙwalwarsa. Ya rayu, amma ya nakasa. Jihar New York ta biya iyalinsa dala miliyan 22 a 2017. A 2019 kaɗai Maxim Dadashev da Patrick Day sun mutu bayan wasa, duk da likitoci na nan.

Abin da ya fi ƙona min rai kuwa ba ya cikin kowace doka. Baƙo irinka, ba suna, ba 'yan kallo masu sayen tikiti dominsa, ana kiransa ne ya zama tsanin wani. Wani mai shirya wasa ya taɓa kirana saura 'yan kwanaki, wai in ba shi yarona ya kara da wanda bai taɓa faɗuwa ba, nauyi ma bai yi daidai ba. Na ƙi, ya daina ɗaukar wayata, na yi asarar aiki, kuma ban yi nadama ba. Dokar Muhammad Ali ta 2000 ta hana mutum ɗaya ya zama manajanka kuma mai shirya wasanka, amma wannan kariyar ta masu turmi 10 ce zuwa sama. Kai mai turmi huɗu ba ta kai gare ka ba. Daga ɗan abin da za a biya ka, manaja kan ɗauki har kashi ɗaya bisa uku, mai horarwa kashi 10 cikin 100, ga haraji.

In har yanzu zuciyarka na kai, ka zauna ka tara wasannin 'yan koyo masu rajista, ka shiga gasar ƙasa, ka turo min sakamakon jini da na ido. Duk kwantiragin da aka miƙo maka kuma, kada ka sa hannu sai na kai wa lauya ya duba.