Abin wuyan jarumin Indiya da kwastoma ya ce a haɗa masa

Toh yaro, naga hoton da ka turo, kace wani matashi ya zo shago da wayarsa ya nuna maka abin wuyan wani jarumi a fim ɗin Indiya irin na fassarar Hausa ɗinnan, wai a haɗa masa carbi da irin 'ya'yan, kana tambaya ko mu nemo. Kar ka karɓi kuɗinsa tukuna.

Wannan abin sunansa rudraksha, ƙwallon ɗan wata bishiya ne da ke fitowa a Nepal da gindin tsaunukan Himalaya da kuma Indunusiya, ɗan itacen bawonsa shuɗi ne, sai an sule shi an wanke sannan ƙwallon ya fito da kaushi-kaushi da tsaga daga sama zuwa ƙasa. Tsagar nan ita suke ƙirgawa su ce fuska, mai fuska 5 shi yafi yawa kuma yafi araha. Na Nepal manya ne, na Indunusiya ƙanana. A wajen Hindu kayan bauta ne na mabiya Shiba, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, sun yi imani wai daga hawayensa bishiyar ta tsiro. Shi yasa in ka lura a fim ba kowa ake sa wa ba, ko dai malamin ɗakin bauta mai jan-ɗorawar kaya da toka a goshi, ko jarumin da akeso a nuna yana da kariya daga sama, wani lokacin ma mugun fim ɗin. Mabiya Kirishna kuwa, wani abin bautar nasu, nasu na itacen wani tsiro ne da ake kira tulsi, ƙanana masu santsi.

Yanzu dubi aikin hannun, nan ne nake so ka buɗe ido. Nasu 'ya'ya 108 ne da ƙarin babba guda a kai kamar limamin carbinmu, kuma basa tsallake shi, in an iso wurinsa sai a juya a koma baya. Da babban yatsa da na tsakiya suke ja, manuniya bata taɓawa. Sannan yawanci tsakanin kowane ɗa da ɗan'uwansa akwai ƙulli, wato 'ya'yan basa gudu a zare, hannu ne ke tafiya a kansu. Namu kuwa 33 ko 99 ko 100 da shaida a tsakani, kuma dole ka bar sarari a zare don ɗa ya zame ya bugi na gaba. Ka zura ƙwallo mai kaushi haka a zare sake-sake, wlh kafin wata biyu ya cinye zaren, ga shi mai lazimi zai ji a yatsa. Amma ƙullin nan dabara ce mai kyau, in zare ya tsinke ɗa ɗaya ne zai faɗi ba ka tsuguna kana tsinta a ƙarƙashin benci ba, ka koye shi don abin wuyan mata da na hannu.

Ga jabu kuma kamar me, na roba, da wanda aka ƙara wa tsaga da wuƙa don ya yi tsada. Mu da ba mu san kan kasuwar ba cutarmu za'a yi.

Shi matashin nan nasan ado ya gani ya burge shi, bai san komai a kai ba. In ya dawo ka zaunar da shi ka gaya masa mene ne, ba zagin addinin kowa, kawai ya san abin da zai rataya ya shiga masallaci da shi. Ni dai shagona ba zan sayar da shi da sunan carbi ba. In kalar ce yakeso, ɗauko masa na sandal ɗin nan masu duhu a durowar ƙasa, manyan, ka sa masa jan tuntu, kuma kar ka rage masa ko sisi don zaren siliki zaka sa.